Biyan kuɗin gem tun bai fito ba saboda kyauta, akwai riba?

Wani mai gidan gem a Gusau ya rubuto: "Salam Malam, ina da PS4 biyu da PS5 ɗaya, mai kawo man kaset daga Kano yace in biya kuɗin sabuwar FC (gem ɗin ƙwallon ƙafa) tun kafin ta fito wai akwai kyauta ciki. In biya ko in jira?"

Wa alaikumussalam ɗan'uwa, Allah shi sa ma sana'a albarka. Ka fara tambayar shi kyautar mece ce, don mafi yawanci ba abu bane da zaka riƙe a hannu, wata ƴar takarda ce cikin kwalin mai ɗauke da lambobi, ka shigar a PlayStation Store a baka ƴan wasa ko maki na Ultimate Team, wato sashen gem ɗin da kake haɗa ƙungiyarka da kanka. To shi Ultimate Team sai da intanet, kuma in zaka kara da wasu a onlayin sai ka biya PS Plus, wato kuɗin rajistar da Sony ke karɓa don wasan onlayin, yaran da ke zuwa wurinka kuwa Madrid da Barca suke so su buga su biyu, wanda aka ci ya miƙa fad, ina ruwansu da maki?

Sannan ga matsalar ƙasa. Kaset ɗin kansa ba ruwansa da ƙasar da aka sayo shi, amma lambar nan in ta Turai ce kai kuma akawun ɗinka na Amurka ne, wallahi ba zata shiga ba, kuɗinka sun tafi. Abu ɗaya da zai iya jawo ma kwastoma shine bugawa kwana 7 kafin kowa, wannan kuma a Ultimate Edition yake, wato samfurin mai tsada, saukewa ake yi ba kaset ba, gigabait da yawa, ka lissafa data da man janareta tukuna. Ni dai shawarata ka bari ta fito ƙarshen Satumba ka sayi ta talakawa. Kuma biya tun ba'a ga gem ba yana da haɗari, Cyberpunk 2077 da ya fito Disamba 2020 haka ya riƙa tsinkewa a PS4 har Sony suka cire shi daga shagonsu suka maida ma mutane kuɗi, kai waye zai maido ma naka?

Sai wata Hajiya daga Birnin Kebbi, tace ɗanta ya nace sai ta saya mashi wani gem da aka taɓa amfani da shi mai faifan kyauta, mai shagon ya ƙara kuɗi saboda shi.

Hajiya ranki ya daɗe, da can faifan kyauta yana da daraja, a 2003 Nintendo sun ba waɗanda suka biya Zelda The Wind Waker da wuri faifai mai cikakken gem na Ocarina of Time. Yanzu galibi kiɗan gem ɗin ne ko bidiyon yadda aka haɗa shi, yaro zai kalla sau ɗaya ya aje. In kuma lamba ce, sau ɗaya take aiki, mai shi na farko ya riga ya cinye, kar ki ƙara ko sisi. Ki sa a buɗe kwalin gabanki, ki juya bayan faifan ki duba ƙarzuwa, a saka a inji ki ga ya tashi. Ki kuma tambayi yaron ko PS5 ɗinsa tana da bakin saka faifai, don akwai wadda bata da shi sam.