Me zan duba kafin in tayar da mota?

Tambaya: Malam, ban daɗe da fara tuƙi ba. Wasu sun ce sai na buɗe bonet kullum da safe, wasu sun ce ba dole ba ne. Me ya kamata in duba kafin in hau titi?

Amsa: Idan motar lafiyarta ƙalau, buɗe bonet sau ɗaya a mako ya isa, sai kuma duk lokacin da za ka yi doguwar tafiya. Abin da ban yarda a tsallake ba shi ne zagaya motar kafin a shiga.

Fara da ƙasan inda ta kwana. Baƙin ɗigo baƙin mai ne. Ruwa mai launin kore ko ja yawanci na lagireto ne. Idan kuwa ka ga mai yana tsiyaya ta cikin taya, ka zargi man birki, kada ka motsa sai bakanike ya gani.

Taya ce aka fi yi wa sakaci, alhali ita kaɗai ke taɓa titi. Shurinta da ƙafa ba awo ba ne, sai da geji, wato ma'aunin iska, kuma a auna tana sanyi, domin zafin tafiya yana ƙara nauyin iskar. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin motar. Lambar da ke jikin tayar iyakar abin da take iya ɗauka ce. A ƙasashe da dama doka ta hana hawa taya idan zurfin zanenta ya gaza milimita 1.6. Shekarunta ma a jikinta suke: lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefenta, misali 2321, suna nufin mako na 23 na shekarar 2021. Wadda ta yi ƙullutu a gefe kuwa, ko zanenta sabo ne, a cire ta. Safaya ma tana sacewa a but ba a sani ba.

Ranar bonet, auna baƙin mai motar tana kashe a wuri mai daidai, ka duba man birki da ruwa. Kada ka taɓa buɗe murfin lagireto inji na da zafi, tururin zai iya ƙona ka.

Da ka zauna, daidaita kujera da madubai, ka ɗaura bel, ka gwada fitilu da sigina. Taka birki kafin ka sa giya: idan ya yi laushi ko yana nutsewa, tafiya ta fasu. Jar fitilar baƙin mai idan ta ƙi mutuwa bayan inji ya tashi, kashe shi nan take.

Sai kai kanka. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, don haka gyangyaɗin daƙiƙa uku ya wuce mita 80 babu direba. Wasu magungunan mura da na ƙaiƙayi suna sa barci, ka karanta takardarsu. Idan ka kwana ba ka runtsa ba, ba wa wani makullin ko ka ɗage tafiyar.