Ta yaya ake gano yawan ƙwayar sikila a cikin al'umma?

Ɗan'uwa, ka ce kashi 25 cikin ɗari na mutanen da aka gwada a garinku AS ne, wato masu ƙwayar gado ta lafiya (A) ɗaya da ta sikila (S) ɗaya, kana tambaya ko hakan na nufin ƙwayar S ta kai kashi 25. A'a. Kowane mutum ƙwaya biyu yake gada, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, don haka ƙwayoyi ake ƙirgawa, ba kawuna ba.

A ce an gwada jarirai 1,000, aka samu AA 760, AS 220, SS 20. Ƙwayoyinsu 2,000 ne. Masu AS sun ba da S 220, masu SS sun ba da 40, jimla 260, wato kashi 13 cikin ɗari. Ƙa'idar lissafin gado ta masana Hardy da Weinberg ta 1908 ta ce ka ninka 0.13 sau kansa, sai ka sa ran SS kusan 17 cikin dubu. In abin da ka samu ya zarce haka da yawa, duba auren zumunta, domin yana ƙara yawan SS.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne wajen zaɓen waɗanda za a gwada. Asibitin masu sikila zai kumbura maka lissafi, gwada manya kaɗai kuma ya rage yawan SS. A binciken da aka yi a Garki ta jihar Jigawa ta yanzu a shekarun 1970, kusan kashi 2 na jarirai SS ne, amma a cikin waɗanda suka haura shekara biyar da ƙyar ake samunsu, domin yawancinsu kan rasu tun suna ƙanana.

Gwajin da ke nuna lanƙwashewar jini kawai ba ya bambance AS da SS, sai gwajin jinotaif. In rahoto za ka rubuta, nemi likitan jini da masanin ƙididdiga tun kafin ɗibar jini.