Tambaya da Amsa: An ce sai da takardar gwajin korona, ni kuwa 'ya'ya huɗu gare ni

Assalamu alaikum, Anti. A Gadarif nake, a gabashin Sudan, shayi nake sayarwa a bakin kasuwa. 'Ya'yana huɗu suna wata makarantar kuɗi, babbar shekararta 14, autan 7. Da sabon nau'in koronar nan, Omikron, ya shigo, sai makarantar ta aiko cewa ba yaron da zai koma aji sai da shaidar gwaji. Sau biyu ina zuwa asibitin gwamnati, ana ce mini ɗan abin da ya rage na marasa lafiya ne. A wurin 'yan kasuwa kuwa, kuɗin yaro ɗaya ya fi cinikina na mako. Yau kwanansu 9 a gida, lafiyarsu ƙalau. Wani ya ce zai samo mini takardun da hatiminsu a rabin kuɗi, ba sai an taɓa hancin kowa ba. Shin makarantar tana da gaskiya? In na karɓi takardar, na yi laifi?

Wata uwa daga Gadarif

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya raya miki su, Ya yi musu albarka. Ni haifaffiyar Mai Wurno ce, shekara 22 ke nan ina aiki a ɗakin gwajin wani asibiti a Madani, don haka maganar nan a cikin gonata ta faɗo.

Takardar ce ta fi gaggawa, da ita zan fara. Kada ki karɓa. Na san matsi ne ya kai ki ga tunaninta, amma ƙarya ce aka buga wa hatimi. Ranar da asiri zai tonu, mai hatimin ba za a ga ƙeyarsa ba, 'yarki ce za ta tsaya gaban hedimasta kanta a sunkuye. Kuma duk takardar bogi da ta shiga ofishin nan, tana ƙara nuna musu cewa iyaye suna iyawa. Ke kuwa so kike su san ba a iyawa.

Tsoron makarantar gaskiya ne, ba zan raina shi ba. Omikron, wanda aka fara jin labarinsa daga Afirka ta Kudu a Nuwamban 2021, ya fi na baya saurin yaɗuwa, ga azuzuwanmu yara kafaɗa da kafaɗa. Sai dai dokar da suka kafa akwai mai biyan kuɗinta da ba su sa a lissafi ba, kuma na taɓa ganinsa da idona.

A tsakiyar 2020 ne, 'yan watanni bayan an sanar da mutum na farko da ya kamu da korona a ƙasar nan ranar 13 ga Maris. Lokacin in mun ɗauki samfur, Khartum ake kai shi, babban ɗakin gwaji na ƙasa da muke kira Istak. Wata safiya na buɗe firji na ƙirga kwalaben ɗaukar samfur, saura 9. 'Yan ƙanana ne kamar ɗan yatsa, da ruwa ja-ja a gindi, kowace da tsinken audugarta a leda. Kafin azahar mutum 6 suka zo garau da su, kowa riƙe da wasiƙa daga wurin aikinsa cewa sai an gwada shi zai koma. Aka ce a ɗauka, na ɗauka. Da la'asar sakaliya aka shigo da wani tsohon manomi daga ƙauyukan Jazira a cikin raksha, keke mai ƙafa uku, leɓunansa sun dushe, yana jan numfashi kamar mai jan guga a rijiya mai zurfi. Shi ya samu kwalba. Bayan kwana 4, matarsa da ɗansa da ma'aikaciyar jinyar da ta kwana a kansa duk suka fara zazzaɓi. Sabbin kaya ba su iso ba, kwalba 2 ta rage. Ni aka bar wa zaɓin wanda zai rasa. Ina tsaye ina juya tsinken a hannuna, sai tsohuwar ta gyara mayafinta ta ce, "'Yata, ba yaran, ni na ci zamanina." Har yau in na ga mai lafiya a layin gwaji don neman takarda, ita nake tunawa.

Ƙarancin nan yana da dalili. Tsinken da kwalbar da ruwan sinadarin duk daga waje ake sayo su da dala. A Fabrairun 2021 aka karya darajar fam, dala ta tashi daga 55 zuwa 375 a farashin gwamnati. A Satumba da Oktoban wannan shekarar aka rufe tashar jiragen ruwa ta Fot Sudan na makonni, har magunguna suka yi wuya. Injin gwajin kuma wuta yake so marar yankewa, kin kuwa san halin wutarmu. To a irin wannan hali, tsinke ɗaya da aka sa a hancin yaro mai wasan ƙwallo, daga hancin wani majinyaci aka zare shi.

Da a ce takardar tana tsare ajin ma, da da sauƙi. Gwajin iri biyu ne. Akwai PCR, wanda ke neman ƙwayar halittar cutar ya yi ta ruɓanya ta a inji har ta bayyana. Shi ya fi gani, amma sa'o'i yake ci a inji, in aka haɗa da hanya da layi sai ya zama kwanaki. Akwai kuma na gaggawa, mai kama da ɗan farin allon gwajin zazzaɓin cizon sauro da kika sani, layi ɗaya babu, layi biyu akwai, cikin minti 15 zuwa 30. Shi ya fi kamawa a kwana 5 zuwa 7 na farkon rashin lafiya, lokacin da cutar ta cika hanci. Dukansu labarin ranar da aka ɗauki samfur kawai suke bayarwa. Cutar takan yi kwana 2 zuwa 14 a jiki kafin ta nuna kanta, Omikron ma wajen kwana 3 ya ishe shi. Sai a gwada yaro ranar Alhamis, Juma'a ya je gidan suna ya sha ruwa a kofi ɗaya da yara goma, Lahadi ya shigo aji da takardarsa fara tas. Malam ya duba hatimi ya saki jiki, a rufe tagogi saboda sanyi.

Ga wani lissafin kuma. Mafi ƙarancin ingancin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi ga gwajin gaggawa shi ne ya kama 80 cikin 100 na masu cutar, ya kuma wanke 97 cikin 100 na waɗanda ba su da ita. Akwai masu kyau da suka wuce haka nesa. Amma a wannan ma'aunin, in aka jera yara 1,000 da ba su da komai, ana iya ce wa 30 suna da ita, a killace gidajensu, uwa mai shayi irinki ta rufe tebur. Cikin masu cutar 10 kuma 2 su sulale. Shi ya sa a jagorar da hukumar ta fitar a Yunin 2021 ba ta ba da shawarar a bi masu lafiya ana yi musu gwajin gama-gari ba, ta sa masu alamun cutar a gaba.

Wataƙila hedimastan ya ce miki ai a Turai haka ake yi. Ƙwarai an yi. Ostiriya ta fara a Fabrairun 2021, Jamus ta wajabta sau biyu a mako daga Afrilun shekarar. Amma a lokacin gwamnati ce ke kai kayan har makaranta kyauta, kuma ana maimaitawa mako bayan mako, maimaicin nan shi ne ƙarfin abin. Makarantarku ta ɗauko "dole", ta bar "kyauta" da "kullum" a can. Abin da ya fi ci mini rai shi ne dokar ba ta tace masu cuta daga masu lafiya, 'ya'yan mai hali take tacewa daga 'ya'yan talaka. Yaran nan sun riga sun yi asarar watanni tun rufe makarantu a 2020. Na san 'yan mata a unguwarmu da hutun nan ya zame musu sallama da boko, kuma shekarun babbarki ke nan.

Kada ki je ke kaɗai. Na tabbata ba ke ɗaya ce yaranki ke zaune ba. Ki nemi iyaye biyar ko goma, ku sa dattijo a gaba, ku shiga ta majalisar iyaye. Ku yi sallama, ku gode musu da suka damu da lafiyar yara, sannan ku tambaya cikin ladabi: umarnin nan daga ma'aikatar ilimi ko ta lafiya ta jiha ya fito, ko shawarar makaranta ce? In daga sama ne, a nuna muku wasiƙar, a kuma faɗa muku inda aka tanadi gwajin kyauta. In tasu ce, ku kawo musu abin da za ku iya ɗauka. Ku yi alkawari duk yaron da ya tashi da zazzaɓi ko tari ko ciwon maƙogwaro zai zauna gida, su kuma kada su rubuta masa fashi. A bar tagogi da ƙofofi a buɗe, yaro ya zo da rigar sanyi. Ajin da ya cika a raba shi, rabi a ƙarƙashin darbejiya, don a fili iska take kwashe cutar. Manyan yara su sa takunkumi. Ɗan gwajin da aka samu a ajiye wa wanda ya nuna alama da wanda aka samu cutar a gidansu.

In sun kafe sai an gwada kowa, akwai dabarar haɗa samfur. Wani Ba'amurke, Robert Dorfman, ya kawo ta a 1943 don gwajin tunjere ga masu shiga soja, Ghana kuma ta more ta a 2020. Ana haɗa samfurin mutum 10, misali, a gwada sau ɗaya. In babu, an wanke duka. In akwai, sai a bi su ɗaya-ɗaya. Da PCR ake yinta, kuma makaranta ce za ta shirya da ɗakin gwaji ta biya.

Wani abu kuma, tunda Gadarif kike: in yaro ya yi zazzaɓi, kada tsoron korona ya mantar da ke cizon sauro, a gwada shi a ranar. In zazzaɓin ya wuce mako 2 yana rama, ki ce a duba kala-azar, cutar da cizon wani ɗan ƙaramin ƙuda ke kawowa, yankinku gidanta ne.

Salamu alaikum, Malama. Ni malamin firamare ne a Kasala, shekarata 58, ina da ciwon suga. Ina jin iyaye suna ƙorafi a kan gwaji. To in ba a tilasta ba, mu da ke tsaye gaban yaran nan kullum wa zai kare mu?

Wani malami daga Kasala

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ƙara lafiya, Ya saka muku da alheri. Kana da haƙƙin ka ji tsoro. Yawancin yara cutar takan zo musu kamar mura ta wuce, masu shekaru da masu suga da hawan jini su take kayarwa, kuma irinku na fi gani a gadon asibiti. Don haka nake kishin tsinken nan, ina so ranar da ka tashi da zazzaɓi a same shi a firji. In ba ka yi rigakafi ba, ka je a makon nan. Tun ranar 3 ga Maris 2021 allurai sama da 800,000 na AstraZeneca suka fara isowa ƙasar nan ta COVAX, shirin rabon rigakafi na duniya, wasu kuma sun biyo baya, kyauta aka riƙa yi. Ka sa takunkumi mai kama fuska sosai, ka ja teburinka kusa da taga. Ka lura da ɗakin malamai ma, inda kuke cire takunkumi ku sha shayi a rufe, nan ma cutar tana samun hanya. Ka ci gaba da shan maganin sugarka a kan lokaci. In ka ji numfashi yana yi maka wuya, ko sugar ta ƙi sauka tare da zazzaɓi, kada ka jira takardar kowa, a kai ka asibiti a daren.