Hunturu ya kankama: me za a ƙona, me za a bari?

Wani magidanci daga Funtuwa ya ce itace ya yi tsada, ga tsofaffin kujeru jibge a zaurensa. Ya faskara su iyali su ji ɗumi?

Malam, ƙafar kujera ta katako zalla, wadda ba ta sha fenti ba, ƙona ta a tsakar gida babu laifi. Sauran kuwa ka bar su. Filawud da gam ake manna shi, soson kujera in ya kama wuta hayaƙinsa guba ne, tsohon fenti kuma yakan ƙunshi dalma. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba zai so tokarta inda ɗansa ke rarrafe ba. Kira kafinta ya saya, ka sayi itace da kuɗin.

Wani kuma ya ce bakanike ya ba shi baƙin mai kyauta, zai riƙa zubawa a wuta don ta daɗe tana ci. Haba! Dattin da injin mota ya amayar za ka shaƙa wa iyalinka? Mayar masa da kayansa.

Wata uwa daga Jos, jaririnta wata biyu, ta ce tana shigar da kaskon gawayi ɗaki ta rufe ƙofa, amma hankalinta bai kwanta ba.

'Yar uwa, Allah ya raya, kuma kin kyauta da kika tambaya. Daga yau a daina. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, irin wadda janareta ke fitarwa. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau ɗari biyu da wani abu, mai barci kuma ba ya farkawa ya ji. Abin da ke damuna shi ne masu cewa ai garwashi ya rufa, hayaƙi ya ƙare. Rashin hayaƙi ba ya nufin gubar ta tafi. Duk wanda ya tashi da ciwon kai, jiri ko tashin zuciya, a fito da kowa waje, a nufi asibiti, kada a tsaya jiƙa magani.

Kuɗin gawayin sati guda ki kai gwanjo, ki samo masa hula, safa da rigar sanyi. Ki toshe ƙasan ƙofa da tsumma tunda kin daina shigar da kaskon, ki rungume shi jikinki lokacin shayarwa. Wanka kuma a bari sai rana ta ɗaga.