Neman asalin kakan da ya sari gari

Kana tambaya yadda za ka gano asalin kakanku da aka ce shi ya fara saran daji ya kafa ƙauyenku a ƙasar Ringim. Malam ka fara da tsofaffin gida tukuna, musamman mata, gwaggonni da kakanni su ne suka riƙe sunaye da kirarin gida, ka naɗi maganarsu a waya tun suna da rai. Daga nan sai gidan dagaci da limamin gari, in kuma da hali ka leƙa gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, akwai rahotannin da Turawa suka rubuta a kan gundumomi lokacin da suke tsara haraji.

Amma fa kada ka tambayi tsoho shekara, don dai kada ya ba ka kunya sai ya yanko maka wata shekarar. Tambaye shi wane sarki ne a kan gado, kafin Basasar Kano ta 1893 ne ko bayan zuwan Turawa a 1903. Ni a gidanmu cewa ake kakanmu ya taso daga Barno tun zamanin jihadi, da na zauna na lissafa sai na ga mutum uku ne kacal tsakanina da shi, to ina shi ina zamanin Shehu Ɗanfodiyo? Wata gwaggona ce ta warware min, ta ce ai zamanin Sarkin Kano Alu ya sauka, Barnon kam gaskiya ne don ta ji yana da tsagar Barebari.