Bambancin Zuƙowar Gilashi da Zuƙowar Dijital

Malam, ka tambayi abin da ke sa hotonka ya dusashe idan ka zuƙo abu daga nesa. Zuƙowa iri biyu ce. A ta gilashi, gilasan bakin kyamara ne suke matsawa gaba da baya su kusanto da abin, saboda haka dukkan farantin da ke karɓar haske yana aiki, hoton ya fito tangaran. Ta dijital kuwa tsakiyar hoton take yankewa ta faɗaɗa shi. Idan kyamararka mai megafiksel 12 ce (wato ɗigon hoto miliyan 12) ka ninka zuƙowar dijital sau 2, megafiksel 3 kacal suka rage, domin rabin faɗin hoton da rabin tsawonsa kawai aka ɗauka, sauran ɗigon ciko ne na na'ura, shi ya sa rubutun allo yake cakuɗewa. In za ka sayi kyamara, ina ba ka shawara ka duba adadin ta gilashi.