Ga ɗan'uwan da ya tambayi mene ne zama ɗan kasuwa

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na ga tambayarka, wai duk wanda ya ajiye aikin albashi ya buɗe nasa shi kenan ya zama ɗan kasuwa, ko akwai wani abu bayan haka? To ni dai shekara 9 kenan ina cikin harkar nan, bari in faɗa maka yadda na gani.

Buɗe waje ba shi ne ba gaskiya. Akwai wani masanin tattalin arziki, Richard Cantillon, rubutunsa ya fito tun 1755, ya bayyana ɗan kasuwa a matsayin wanda yake sayen abu a farashin da ya sani ya je ya sayar a farashin da bai sani ba. Wallahi har yau ban ji bayanin da ya kai wannan ba. Mai albashi ya san abin da zai shigo masa ƙarshen wata, kai kuma haya da albashin yaranka da kuɗin mai kawo maka kaya duk a tsaye suke, cinikin ne kawai ba ka da tabbas a kansa, kuma sai kowa ya karɓi nasa sannan ka duba ko wani abu ya rage maka.

A shekarata ta biyu na fahimci haka sosai. Littafin lissafi yana nuna min riba, ina ta murna, ashe kusan rabin kayan bashi suka fita, wata ya ƙare yara biyu da ke min aiki suna jira, mai kawo kaya yana ta kira, ni kuma babu ko sisi a hannu sai sunayen mutane a takarda. Rance na ci na sallame su, daren nan ban runtsa ba, don haƙƙin mutane ne a wuyana. Tun ranar na gane riba daban, kuɗin hannu daban, kasuwanci yana iya durƙushewa alhali a takarda riba yake ci.

Sai kuma aljihu. Indai kana zura hannu cikin kuɗin ciniki duk lokacin da buƙatar gida ta taso, to uwar kuɗi kake ci ba ka sani ba. Na yanka wa kaina albashi kamar kowane ma'aikaci, ba na wuce shi ko da ciniki ya yi kyau, kuma abin yana da wuya fa, musamman in 'yan'uwa suna ganin kamar kana da shi ka hana.

Tunda ka ce har yanzu kana aiki, don Allah kar ka yi saurin ajiyewa. Fara kaɗan a gefe, ka nemo kwastoman da ba ɗan'uwanka ba ba abokinka ba, ya biya da kuɗinsa sannan ya dawo karo na biyu da kansa. In ka samu irinsu da ɗan dama, ka rubuto mu zauna kan lissafin jarin da za ka buƙata. Allah ya sa albarka.